Wane ne Ke Rage wa Furosesa Gudu a Kwamfutar Linux?

Furosesar Intel mai lamba i5-8250U (furosesa ita ce guntun da ke yin lissafin kwamfuta), wadda ta fito a shekarar 2017 kuma ake yawan samunta a kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu, an ƙera ta ne da ƙwayoyi huɗu, gudunta na asali gigahaz 1.6, tana kuma iya haurawa har zuwa 3.4 idan aiki ya yi nauyi. Mataki mafi ƙasa da take iya sauka a kai shi ne megahaz 400, wato gigahaz 0.4. Duk wanda ya taɓa zama a gaban kwamfutar da ta maƙale a wannan mataki ya san azabar da ke ciki: a danna burauza a yi ta jira, a rubuta jimla haruffa su riƙa biyo baya ɗaya bayan ɗaya, bidiyo yana sarƙewa, alhali fanka ta yi shiru kuma jikin kwamfutar sanyi ƙalau. Abin da yawancin mutane ke fara zato shi ne bairas ya shiga, ko babbar manhajar ta lalace sai an sake ɗora ta, ko kuma RAM ne ya yi kaɗan. Sau da yawa a yi duk waɗannan gyare-gyare, a kashe kuɗi, a dawo gida, kwamfuta tana nan jiya i yau.

Ruwa ba ya tsami banza. Furosesa ba ta rage gudu saboda tsufa ko gajiya. Idan ta sauka, to wani ne ya ba ta umarnin sauka, kuma yana da hujjarsa, ko hujjar ta gaskiya ce ko ta kuskure. A kwamfutar da ke aiki da Linux, masu ikon ba da wannan umarni ba ɗaya ba ne. Akwai ita furosesar kanta, wadda take kare kanta daga zafi da wuce iyakar wutar da aka yanka mata. Akwai BIOS, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, tare da wani ƙaramin guntu da ke kan babban allon kwamfuta, wanda ake kira EC, mai lura da batir da caja da fanka. Akwai kanel, wato zuciyar Linux, da direbansa na sarrafa gudu, sannan a samansa akwai manhajojin da ke aiki a bayan fage suna sauya saiti ba tare da mai kwamfuta ya gani ba. Kowannensu yana iya saukar da gudu, kuma a kullum wanda ya nemi mafi ƙasa shi ne ke yin nasara. Saboda haka aikin mai bincike shi ne ya gano wanda ya ba da umarnin kafin ya taɓa komai, domin maganin da ke aiki a kan ɗaya ba ya tasiri a kan sauran, wani lokaci ma ɓarna yake yi.

Dalilin da ya sa ake wannan hawa da sauka tun farko lissafi ne na lantarki. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da gudunta, amma game da ƙarfin bolt abin ya fi haka tsanani, domin idan aka ninka bolt sau biyu, cin wuta yakan ninku sau huɗu, kuma gudu mai yawa ba ya samuwa sai da ƙarin bolt. Wannan ya sa megahaz ɗari biyu ko uku na ƙarshe a saman gudu su ne mafi tsada ta fuskar batir da zafi. Ƙa'idar ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ita ce hanyar da BIOS da babbar manhaja ke fahimtar juna a kan wannan batu, kuma a cikinta ne ake da matakan P, waɗanda suka shafi gudun furosesa yayin da take aiki, da matakan C, waɗanda suka shafi zurfin barcinta yayin da ba ta da abin yi. Intel ta kawo SpeedStep a shekarar 2000, ta kawo Turbo Boost, mai barin furosesa ta wuce gudunta na asali, a 2008, sannan a 2015, da furosesoshin Skylake, ta kawo abin da ta kira Speed Shift, wanda a Linux aka fi sani da HWP. Tun daga nan lamarin ya sauya sosai: kanel ba ya zaɓar gudu da kansa, yana gaya wa furosesa iyakar ƙasa da iyakar sama da kuma abin da aka fi so tsakanin sauri da tattalin batir, ita kuma ta zaɓa. Shawarwari da dama da ke yawo a intanet an rubuta su ne kafin wannan sauyi, shi ya sa a bi su sau da ƙafa kuma ba a ga wani bambanci ba.

Matakin farko shi ne awo, kuma awon da ya dace. Lambar da ake gani a /proc/cpuinfo ko a ƙananan manhajojin da ke nuna gudu a gefen allo hoto ne na ɗan lokaci, kuma kwamfutar da ba ta aikin komai idan ta nuna megahaz 800 ko ƙasa da haka ba ta yi laifi ba, abin da aka ƙera ta ta yi ke nan. Sai an ɗora mata nauyi ake sanin gaskiyarta. Ni abin da nake yi shi ne in buɗe tagogin umarni guda biyu. A ɗaya in saki stress-ng --cpu 0 domin ya cika duk ƙwayoyin da aiki, a ɗayar kuma in saki turbostat, manhajar da Len Brown na Intel ya rubuta wadda take zuwa tare da kayan aikin kanel, in ce ta nuna mini ginshiƙai huɗu kawai: Busy%, Bzy_MHz, PkgTmp da PkgWatt. Na farko yana faɗin yawan lokacin da furosesa ke cikin aiki, na biyu ainihin gudunta a lokacin aikin, na uku zafinta, na huɗu kuma wat nawa take ci. Sai in bar su na 'yan mintoci, in gwada da caja a jone, in kuma gwada da batir zalla.

Waɗannan lambobi idan aka kalle su tare suna tona asirin mai laifi, domin kowanne da irin sawun da yake bari. Idan gudu ya tsaya cak a 1.6 ba ya motsi, zafi yana ƙasa, wat yana ƙasa, to an kashe turbo ne, kuma wannan yawanci saiti ne. Idan ya hau zuwa 3.4 ya yi kamar rabin minti a can, sannan ya sauko ya zauna a wani mataki na tsakiya, wat kuma ya daidaita a kan 15 kamar an ja masa layi, to iyakar wuta ce ke aiki. Idan zafi ya taɓa digiri 95 zuwa 100, fanka tana ihu, gudu yana ta hawa da sauka, to zafi ne. Idan kuwa gudu ya faɗi ƙasa warwas zuwa 400 ya ƙi tashi duk da cewa Busy% yana kan 100, ga zafi bai kai ko 60 ba, ga wat 'yan kaɗan, to umarnin daga wajen furosesa ya fito, kuma wannan shi ne mafi ruɗarwa a cikinsu.

A fara da ɓangaren saiti, tunda shi ne mafi sauƙin dubawa kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo. A cikin /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/ akwai fayil mai suna scaling_driver, wanda ke faɗin direban da ke riƙe da linzami. A kwamfutocin Intel daga zamanin Sandy Bridge na 2011 zuwa yau, yawanci intel_pstate ne, wanda ya shiga kanel 3.9 a 2013. A nan akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Idan intel_pstate yana cikakken iko, gwamnoni biyu kacal yake nunawa, wato tsare-tsaren da ke yanke yadda gudu zai hau ya sauka, su ne performance da powersave, kuma powersave ɗinsa ba ya nufin a daskare a ƙasa. Yana hawa har ƙololuwa idan aiki ya zo, ya sauko idan aiki ya wuce, shi ne ma zaɓin da ya dace da kusan kowa. Amma idan direban acpi-cpufreq ne, ko kuma intel_pstate ya koma gefe yana bayyana da sunan intel_cpufreq, to gwamnan powersave na asali ne ke aiki, wanda yake ɗaure furosesa a mataki mafi ƙasa komai nauyin aiki, kuma abin da ake so a wannan hali shi ne schedutil, wanda ya zo da kanel 4.7 a 2016. Mutum yakan ga powersave a kwamfutarsa mai intel_pstate ya tsorata ya sauya zuwa performance, ya ƙone batir a banza, matsalarsa kuma tana wani wuri dabam. Bayan wannan sai a kwatanta scaling_max_freq da cpuinfo_max_freq a ga ko wani ya sauko da rufin, a duba no_turbo da max_perf_pct a cikin /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/, a kuma karanta energy_performance_preference. Idan no_turbo yana kan 1 kuma ya ƙi karɓar 0, to a BIOS aka kashe turbo, can za a je.

Idan aka tarar an sauko da ɗaya daga cikin waɗannan, tambaya ta gaba ita ce wa ya rubuta shi, domin fayilolin /sys ba sa tuna komai bayan an sake kunna kwamfuta. Wata manhaja ce ke rubutawa a kowace farkawa. Tun zuwan GNOME 40 a 2021, rabe-raben Linux da yawa suna zuwa da power-profiles-daemon, mai matakai uku da ake zaɓa daga kusurwar allo, Fedora kuma daga fitowa ta 41 ta koma amfani da tuned. Sai mutum ya karanta cewa TLP yana ƙara wa batir kwana ya ɗora shi, bayan wata biyu ya ji labarin auto-cpufreq shi ma ya ɗora, ya manta da na farko. Dukansu fayiloli iri ɗaya suke rubutawa, kuma wanda ya rubuta a ƙarshe shi ke da magana, shi ya sa kwamfuta takan yi lafiya bayan kunnawa amma ta lalace bayan an cire caja ko an tashe ta daga barci. Masu TLP da kansu sun bayyana cewa kada a haɗa shi da power-profiles-daemon. A ganina a zaɓi ɗaya kawai, a toshe sauran da systemctl mask, kuma ga wanda ba ya son shiga cikin saiti masu yawa, wanda ya zo da babbar manhajar ya wadatar. Umarnin powerprofilesctl list yana da wani layi da ake kira Degraded wanda ya kamata a kalla, domin a wasu kwamfutocin ThinkPad yakan faɗi cewa an rage ƙarfi ne saboda kwamfutar ta gane a kan cinya take. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu ƙwarai: waɗannan manhajoji suna yanke hukunci ne bisa ko caja na jone ko a'a, don haka soket mai sako-sako ko bakin caja da ya sassauta yakan sa su yi ta tsalle tsakanin saitin wuta da saitin batir, mai kwamfuta yana ganin tana sauri tana sanyi bai san dalili ba.

Iyakar wuta kuwa, a mafi yawan lokuta, ba cuta ba ce. Intel tana da tsarin da ake kira RAPL, mai iyakoki biyu: PL2, wadda ta fi girma amma ta ɗan gajeren lokaci ce, da PL1, wadda furosesa ke komawa bayan wannan lokaci ya ƙare, sau da yawa daƙiƙa 28. Ga furosesa irin wadda muka fara da ita, PL1 yawanci wat 15 ne, kuma kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ke yanke lambobin gwargwadon ƙarfin fankarsa. Ana karanta su a /sys/class/powercap/intel-rapl:0/, cikin ma'aunin da wat ɗaya ke zama miliyan ɗaya. Inda matsala take shi ne idan aka tarar PL1 ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka rubuta wa furosesar, kamar wat 7 ko 8. Kwamfutoci da yawa suna tashi da iyaka ta taka-tsantsan, suna jiran direban Intel na Windows mai suna DPTF ya zo ya ɗaga ta bisa wasu jadawalai da kamfani ya ɓoye a BIOS. Linux ya daɗe ba ya iya karanta waɗannan jadawalai, har sai da Matthew Garrett ya warware tsarinsu a 2020, aikin ya shiga manhajar thermald. Don haka wanda ya ga kwamfutarsa ta fi ƙarfi a Windows fiye da Linux, ya fara tabbatar da cewa thermald na zamani yana aiki, ya kuma duba /sys/firmware/acpi/platform_profile idan kwamfutarsa tana da shi, kafin ya nemi wata dabara.

Batun zafi ba ya buƙatar dogon bayani a ƙasarmu. Yawancin masu ƙera kwamfutocin tafi-da-gidanka suna rubuta digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki a ciki, alhali a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan kai 40 ko ya zarce. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a bayan fanka ta dunƙule kamar auduga ta toshe ƙarfen da iska ke bi, ga man da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla wanda a kwamfutar gwanjo ya riga ya bushe tun kafin ta hau jirgi. Fayilolin da ke cikin thermal_throttle ƙarƙashin kowace ƙwaya suna ƙirga sau nawa zafi ya tilasta rage gudu, kuma idan lambar tana ƙaruwa, babu umarnin da zai maye gurbin sukundireba da buroshi da sabon mai. A da ana rage bolt domin a sami sauƙin zafi, amma tun da aka bayyana raunin tsaro na Plundervolt a Disambar 2019, kamfanoni da yawa sun kulle wannan ƙofa ta hanyar sabunta BIOS.

Yanzu ga mai wuyar. A jikin furosesar Intel akwai wani layin sigina mai suna PROCHOT, wanda asalin aikinsa shi ne furosesa ta sanar da sauran allon cewa ta yi zafi. Daga baya aka mai da shi mai zuwa da dawowa, ta yadda wani sashe na allon, musamman EC, zai iya jan layin ya tilasta wa furosesa faɗawa mataki mafi ƙasa nan take. Wannan umarni yana wucewa ta saman kanel da gwamna da kowace manhaja, shi ya sa duk fayilolin /sys za su nuna komai daidai alhali kwamfuta tana rarrafe. EC yakan ja layin ne idan ya ga caja ba za ta iya ɗaukar nauyi ba, ko batir ya yi rauni ko zafi, ko sassan da ke daidaita wutar furosesa sun ɗauki zafi, ko kuma wata na'urar auna zafi ta lalace tana ba da rahoton ƙarya.

Na ga wannan ƙuru-ƙuru a kwamfutar ƙanwata, wadda take rubuta kundin kammala digiri. Ta kawo mini ita tana cewa, "Yaya, abin mamaki, idan na cire caja sai ta warware, da na mayar sai ta koma kamar mai ciwo." Wannan magana tata ta riga ta yi rabin binciken, domin a al'ada kwamfuta da caja ta fi ƙarfi. Na saki turbostat da caja a jone: Bzy_MHz yana kan 400, zafi bai kai na jikin kofin shayi ba. Na zare wayar, kafin layi na gaba ya fito lambar ta haura 3,000. Da muka shiga BIOS, a wurin da ake nuna ƙarfin caja an rubuta cewa ba a gane ta ba. Cajar asali ta ƙone ne a wata dawowar wuta mai ƙarfi, ta sayi wata a kasuwa wadda bakinta ya shiga daidai, aka kuma buga mata lambar wat ɗin da ake so a jiki. Da muka ɗauke ta a hannu ba ta da nauyin kirki, kuma takardar da aka liƙa mata ta fara ɓarewa daga gefe.

Abin da ke faruwa shi ne, cajojin kwamfuta da yawa suna gabatar da kansu kafin a yarda da su. A cajojin Dell masu zagayayyen baki, siririyar allurar da ke tsakiya ba wuta take kaiwa ba, bayani take ɗauka daga wani ƙaramin guntu da ke cikin cajar wanda ke faɗin ƙarfinta. HP da Lenovo suna amfani da wata hanyar da ta fi sauƙi, ta auna turjiyar lantarki a layin sigina. A cajojin USB-C kuma ciniki ake yi tsakanin caja da kwamfuta a kan bolt 5 ko 9 ko 15 ko 20, kuma wayar da ba ta da guntun shaida a bakinta ba ta wuce amfiya 3, wato wat 60 a bolt 20, komai girman cajar da ke bayanta. Allura ta lanƙwashe, ko siririyar wayar sigina ta tsinke a ciki saboda yawan naɗewa, ko cajar jabu ce da ba ta da guntun, duk sakamakon ɗaya ne. Tsofaffin ThinkPad irin su T420 suna da makamancin wannan hali idan aka cire batir aka bar su da cajar wat 65, domin a lokacin da aiki ya yi tsalle batir ne ke cike giɓin da caja ta gaza. A nan BIOS ne ke sauko da iyaka ta hanyar ACPI, ana kuma ganin alamar a fayil ɗin bios_limit idan direban acpi-cpufreq ne ke aiki. Ganin yawan kwamfutocin da ke aiki a shagunan buga takardu da matattun batura, wannan ba ƙaramin lamari ba ne a wurinmu.

Wanda ya nemi magani a intanet zai ci karo da umarni ɗaya a ko'ina: a ɗora msr-tools, a karanta rajistar 0x1FC, wani ƙaramin wurin ajiye saiti a cikin furosesa, da rdmsr, a mai da bit na farko, wato bit 0, sifili da wrmsr. A Windows kuma cire alama ce daga akwatin BD PROCHOT a manhajar ThrottleStop. Yana aiki, kuma nan take gudu ke dawowa. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, ganin wannan bit a kunne ba shaida ba ce cewa shi ne matsalar, domin a kunne yake a yawancin kwamfutoci masu lafiya. Abin da yake nufi kawai shi ne furosesa tana sauraron layin. Shaidar cewa ana jan layin a yanzu tana cikin rajistar 0x19C, a bit mai lamba 2, kuma a furosesoshin Skylake da na bayansu rajistar 0x64F tana jera dalilan rage gudu ɗaya bayan ɗaya, PROCHOT a bit 0, zafi a bit 1, iyakokin wuta a 10 da 11. Na biyu, kashe bit ɗin ba ya gyara komai, toshe wa furosesa kunne kawai yake yi. Idan cajar da gaske ba ta kai ƙarfin da aka rubuta mata ba, an ba furosesa damar jan wutar da cajar ba za ta iya bayarwa ba, kuma abin da zai biyo baya shi ne caja mai zafin da ba a iya riƙewa, ko kwamfuta ta mutu tsakiyar aiki, ko batir mai kumburi ya ƙara kumbura. A kwamfutar ƙanwata ban taɓa rajistar ba. Aron cajar asali muka yi daga wani mai irin kwamfutarta, gudu ya dawo, sannan ta sayi tata.

Ban ce babu inda wannan dabara ta halatta ba. Idan an gwada da cajar asali, batir lafiyayye ne bisa kwatanta energy_full da energy_full_design a /sys/class/power_supply/, an buɗe an share, an kuma tabbatar babu wani sashe na allon da ke ɗaukar zafi, to mai yiwuwa na'urar awo ce ta lalace, kuma gyaran allo zai iya fin kuɗin kwamfutar. A irin wannan hali mutum yana iya kashe bit ɗin da idonsa a buɗe, ya san cewa ya cire wa kansa wata kariya. Ya kuma sani cewa saitin yana gogewa a kowace kunnawa, sau da yawa har da tashi daga barci, don haka sai an rubuta masa hidimar systemd da za ta riƙa maimaita shi, sannan idan Secure Boot yana kunne yawancin rabe-raben Linux suna hana rubutu a waɗannan rajistoci gaba ɗaya.

Akwai kishiyar wannan matsala, wato furosesar da ba ta barci. Gudu lafiya, amma batir ba ya kai awa biyu kuma ƙasan kwamfuta da ɗumi ko ba a yin komai. Manhajar powertop, wadda Arjan van de Ven ya fitar a 2007, tana nuna yawan lokacin da furosesa ke yi a kowane matakin C. Abin kallo shi ne matakan dunƙulen furosesar baki ɗaya: kwamfutar zamani da ke zaune ya kamata ta riƙa kaiwa PC8 ko PC10, idan kuwa ta tsaya a PC2 ko PC3, to wata na'ura ce, kamar faifan NVMe ko katin intanet ko katin zane, ta ƙi barin layinta ya huta. A duba /proc/cmdline ma, domin akwai wani saiti, intel_idle.max_cstate=1, da aka ƙirƙiro a matsayin mafita ga daskarewar furosesoshin Bay Trail masu araha, mutane kuma suka riƙa kwafe shi zuwa kwamfutocin da ba su da wannan cuta, suna hana su barci mai zurfi ba gaira ba dalili. Game da powertop --auto-tune, ina ba da shawarar a bi saitocin ɗaya-ɗaya maimakon a kunna su a dunƙule, domin yakan sa linzamin USB ya riƙa suma bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Masu AMD hanyar binciken ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta. Direban amd-pstate ya shiga kanel 5.17 a 2022, yana buƙatar furosesar Zen 2 ko wadda ta biyo bayanta da kuma CPPC, hanyar da kanel da furosesa ke fahimtar juna a kan gudu, a kunne cikin BIOS, ya kuma zama zaɓin farko a irin waɗannan kwamfutoci daga kanel 6.5. Wanda ya ga acpi-cpufreq a Ryzen ɗinsa na zamani yana aiki ne da matakai uku kacal, kuma sabon kanel shi ne abu na farko da zai nema. Lambobin rajistar da na ambata a sama na Intel ne, kada a rubuta su a AMD.

Saura sabunta BIOS, wanda nake barinsa a ƙarshe duk da cewa kamfanoni sukan gyara kurakuran EC da na iyakar wuta ta wannan hanya. A Linux ana yinsa da fwupdmgr ga kwamfutocin da kamfanoninsu ke saka fayilolinsu a rumbun LVFS, kuma yana da kyau a karanta bayanin abin da sabuwar fitowar ta gyara kafin a ɗora, tunda wasu ba sa barin a koma tsohuwa. Manhajar kan ƙi farawa idan caja ba ta jone ko batir ya yi ƙasa, kuma wannan sharaɗi ba abin a nemi hanyar kauce masa ba ne: kwamfuta mai mataccen batir da ke kan janareta, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta BIOS, ba za ta sake tashi ba sai mai gyara ya buɗe ta ya rubuta guntun da na'ura ta musamman.